Mudi Mai Famfo da Jar Fitila

Shekara goma sha huɗu Mudi ya yi yana gyaran manyan famfunan ruwa a Tiga kafin a sallame shi. Ba wani laifi ya yi ba. Rage ma'aikata aka yi a shekarar, sunansa ya fito a takarda tare da na mutum talatin da 'yan kai. Ya sa aka loda masa kayansa a a-kori-kura, ya kwashi matarsa Dije da 'ya'yansu, ya koma gidan mahaifinsa a Bebeji. Abin da ya tsira da shi daga aikin bai wuce akwatin sifanoninsa ba, sai wani tsohon agogon awon ƙarfin ruwa mai tsagaggen gilashi, wanda aka yar a bola shi kuma ya tsinta ya gyara. Sai kuma sunan da ya biyo shi har gida, Mudi Mai Famfo.

A bakin tashar Bebeji akwai layin kanikawan babur, rumfa takwas a jere, kuma ba mai kafa ko dirka a wurin sai da yardar Bala, shugaban ƙungiyarsu, wanda kowa ke ce wa Ciyaman. Bala ba mutumin banza ba ne. Hannunsa na da kyau, kuma rabin mutanen layin a ƙarƙashinsa suka koyi riƙe sifana. Da Mudi ya je neman wuri, Bala ya karɓe shi da fara'a, ya nuna masa ƙarshen layi kusa da kwata, ya ce ya kafa rumfa ta tara. Amma ya gindaya masa sharaɗi a gaban mutane: famfo, injin niƙa, injin ban-ruwa, duk nasa ne, babur kuwa, ko kaca ce ta zame, ba ruwansa. Hujjarsa ita ce Mudi bai taɓa zama a ƙarƙashin wani ogan babur ba, kuma ba a shiga sana'ar mutane ta katanga. Mudi na da baki shida da zai ciyar. Ya ce ya ji ya yarda.

Shekara biyu ya yi yana riƙe da wannan alkawari. Yakan ga an kwance inji a rumfar maƙwabcinsa, ya ga an mayar da wani abu a karkace, ya kau da kai ya ci gaba da goge nasa ƙarfen.

Cikin bazarar 1987 maganar babur ɗin Lawal ta taso. Lawal malamin dabbobi ne, ɗan Kiru, siriri, mai sauri ko a magana. Yana da wani ƙaton babur mai silinda huɗu da ya saya a gwanjo a Kano, irin wanda in ya taso daga Kwanar Ɗangora sai an ji kukansa kafin a gan shi. Ba don ado ya saye shi ba. A shekarar shi aka ɗora wa allurar rigakafin shanu a rugagen kudu, daga Tudun Wada, a ratsa dajin Falgore, zuwa Doguwa har Riruwai. Maganin kuwa ba ya son zafi. A cikin kula ake jera shi da ƙanƙara a ɗaure a bayan babur, kuma in ƙanƙarar ta narke ya ɗau zafi kafin a kai ruga, ba shi da sauran amfani. Saboda haka tafiyar Lawal duk gudu ce.

A goshin babur ɗin akwai wata 'yar jar fitila, aikinta ta kama idan baƙin mai ya daina zagaya inji da ƙarfi. In an murɗa makulli takan kama, da inji ya tashi ta mutu, kamar yadda ya kamata. A cikin gari ko ƙyaftawa ba ta yi. Amma da Lawal ya hau miƙaƙƙiyar kwalta ya murɗe totur, ya yi minti biyar ko shida a haka, sai ta fara ƙyaf-ƙyaf, sannan ta tsaya ja wur. In ya sassauta, ta mutu.

Wurin Bala ya kai, don shi ke duba masa babur tun ranar da ya saye shi. Bala ya juye baƙin mai ya zuba sabo. Fitila ba ta daina ba. Ya ce suwic ne, wato ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a jikin inji, wanda ke jin ƙarfin mai ya kunna fitilar. Aka sayo wani daga Kano aka sa, ba ta daina ba. Bala ya ce jabu aka ba su, aka sake sayo wani. Ranar da Lawal ya dawo karo na huɗu, wata Talata da hantsi, ya tarar da rumfar Bala cike da mutane, sai ya zo ya zauna a bencin Mudi yana jira, don sun san juna. Mudi ne ya taɓa tayar wa mahaifinsa injin ban-ruwa da ya shekara a kwance.

Mudi bai yi niyyar sa baki ba. Gaisawa suka yi, Lawal ya fara ƙorafi, shi kuma ya ji bakinsa yana tambaya. Ya tambaye shi ko fitilar na kamawa da sanyin safiya ko sai inji ya ɗau zafi. Lawal ya ce sai ya ɗau zafi. Ya tambaya ko tana kamawa in an faɗa rami ko an hau gargada. Lawal ya ce a'a, hanyar shiga rugage duk gargada ce amma ba ta taɓa kamawa a can ba, sai a kwalta mai kyau. To in ya sassauta, nan take take mutuwa ko sai ta ɗan jima? Lawal ya yi tunani, ya ce takan ɗan jima, kamar a ƙirga uku.

Mudi ya ajiye tsumman da ke hannunsa. Wannan jinkirin ya san shi. A Tiga, duk lokacin da ruwa ya kwaso ciyawa da gansakuka ya tara a rariyar bakin famfo, haka suke yi. In ana jan ruwa a hankali ba ka ganin komai. In aka ƙara wuta, sai dattin ya manne ya toshe ramukan, allurar agogo ta faɗi, famfo ya shiga shaƙar iska. In aka rage, dattin ya saki, allura ta ɗan yi nauyi sannan ta hau. Wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe ba ta jinkiri, kuma gargada ta fi so. Lalataccen suwic kuwa, ina ya san bambancin gari da kwalta?

Yana cikin wannan tunanin ya hango Bala ya durƙusa a gefen babur ɗin, filaya a hannu ɗaya, baƙin salatif a ɗayan. Ya ji yana gaya wa waɗanda ke tsaye cewa baburan gwanjo haka suke in sun tsufa, fitilarsu ta cika tsoro. Mai yana nan cike, inji yana kuka lafiya, abin da ya rage a cire wayar kowa ya huta.

"Ciyaman, don Allah kada ka cire," in ji Mudi daga inda yake zaune.

Guduma ta tsaya a rumfar da ke kusa. Bala ya ɗago kai a hankali.

"Malam Mudi, da ni kake?"

"Da kai nake. Fitilar nan ba ƙarya take yi ba. Mai ne ba ya isa sama in an ba shi wuta."

Bala ya yi murmushi, ya ce ai nan ba Tiga ba ce, kuma wannan ba rijiya ba ce. Aka yi dariya. Ya zare wayar, ya naɗe bakinta da salatif, ya cusa ta ƙarƙashin tanki. Lawal ya dubi Mudi, ya dubi Bala cikin jin kunya. Ya hau ya tafi.

Ranar Alhamis da sassafe Mudi ya ji sallama a ƙofar gida. Lawal ne, babur a jingine da bango, idonsa kamar wanda bai yi barci ba. Bayan sun gaisa ya ba shi labari. Jiya ya nufi Doguwa da magani, yana tsakiyar Falgore a guje sai ya ji wani ƙas-ƙas-ƙas daga saman inji, kamar keken ɗinkin da ya daɗe bai ga mai ba. Ya dubi goshin babur, fitila a mace. Ya tsaya a gefen hanya, shi kaɗai sai birai, ya jira inji ya huce, sannan ya lallaɓa a hankali. Bai isa ruga ba sai bayan azahar. Ƙanƙara ta zama ruwan ɗumi. Arɗo ya tara masa shanu sun fi ɗari uku tun fitowar rana, an hana su kiwo, kuma a gabansa Lawal ya buɗe kula ya ce a yi haƙuri. Arɗon ya juya ya yi wa 'ya'yansa magana da Fulatanci, aka kora shanun. Lawal ya ce da zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi.

Sai ya rage murya ya roƙi Mudi ya duba masa babur ɗin a nan cikin zaure, a ja ƙyaure, ba wanda zai sani.

"A zaure, kamar kayan sata?" in ji Mudi. "A'a. In zan taɓa shi, a rumfata zan taɓa shi, da rana, kowa yana gani."

Lawal ya tuna masa sharaɗin Ciyaman. Mudi ya ce bai manta ba, shi ya sa ma. In har zai karya alkawari, gara wanda ya yi wa ya ga lokacin da aka karya, kada ya haɗa karya alkawari da munafunci.

Da ya shiga ciki ɗaukar hula, Dije, wadda ta ji komai daga tsakar gida, ta ce masa ya dai san za su tashe shi daga layin. Ya ce ya sani. Sai ta tura masa kwanon ɗumame ta ce to ya ci tukuna, tun da yau ba ranar dawowa da wuri ba ce.

Tura babur ɗin suka yi, ba su tayar da shi ba. Suka wuce rumfa takwas ɗaya bayan ɗaya, Mudi yana yi wa kowa barka da asuba, ana amsa masa da rabin baki. Ko gama ɗora shi a kan ƙafarsa ba su yi ba sai ga Bala da kansa, yana goge hannu da tsumma.

"Malam Mudi, ka tuna abin da muka yi da kai."

"Na tuna, Ciyaman. In na gama, ka yanke hukuncin da ka ga dama."

Bai fara da abin da yake zargi ba. A ransa ya ce mai yiwuwa Bala ke da gaskiya, kuma in haka ne gara ya gano da hannunsa. Ya ɗaga tanki, ya zaro wayar, ya bi ta da yatsa tun daga goshi har jikin inji yana neman inda ta goge. Bai samu ba. Ya duba ma'aunin mai: bai ragu ba, bai kuma yi yawan da zai sa shi kumfa ba. Sai ya buɗe akwati ya ɗauko tsohon agogonsa na Tiga.

Bakin agogon bai dace da ramin suwic ba. Ya tambayi Lawal ko tsohon suwic ɗin da aka cire yana nan, Lawal ya lalubo shi a jakar kayan gyara. Mudi ya fasa cikinsa ya huda, ya liƙa masa guntun bututun jan ƙarfe da dalma, ya haɗa shi da tiyo mai kauri har zuwa agogon, ya ɗaure bakunan da waya. Wannan kaɗai ya ci masa awa biyu, har dalma ta ƙone masa babban yatsa. Kafin ya gama, kanikawan layin sun bar aikinsu sun zagaye rumfar, har da masu facin taya da wani mai sayar da rake.

Lawal ya tayar da babur a tsaye. Allura ta hau ta tsaya daram. Mudi ya ce ya ba shi wuta. Inji ya yi kururuwa har awaki suka watse daga bakin kwata, allura ta ƙara hawa, ta tsaya. Ya sa aka sake har sau uku. Ko motsi ba ta yi ba.

Wani daga baya ya ce to, agogon rijiya ma ya ba da shaida. Bala bai yi dariya ba. Cewa ya yi, cikin sanyin murya, tun da kowa ya gani da idonsa, a mayar masa da babur rumfarsa, magana ta mutu a nan, shi ba zai kai ta gaba ba. Mafita ce ya ba shi, kuma Mudi ya gane haka sarai. Ya dubi allurar, ya dubi mutanen, sai ya tuna cewa Lawal bai taɓa ce masa fitilar na kamawa a tsaye ba.

"Lawal, hau mu je hanyar Tiga."

Shekarun Mudi hamsin da biyu, kuma bai taɓa hawa babur mai gudu irin wannan ba. Ya cusa hula a aljihu, ya tattare riga tsakanin cinyoyi, ya riƙe ƙugun Lawal da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana ɗauke da agogon daidai kafaɗar Lawal. Da suka fita gari Lawal ya murɗe totur. Iska ta cika wa Mudi baki, hawaye suka riƙa gudu zuwa kunnuwansa, itatuwan ɗorawa na wucewa ba ya iya ƙirga su. Ya ƙanƙance ido a kan tsagaggen gilashin. Minti uku, allura na tsaye. Minti biyar, tana tsaye. Tiyon ya yi zafi a hannunsa. Har ya fara haɗa kalmomin da zai gaya wa Bala in sun koma, yana ji suna masa ɗaci tun kafin ya furta su.

Daidai inda ake fara hango farin ruwan dam, allura ta yi rawa. Ta sauka kaɗan, ta koma, ta sake sauka, sai kuma ta zube gaba ɗaya ta kwanta a kan ƙusarta. Mudi ya bugi kafaɗar Lawal da goshinsa, don hannayensa duka a cike suke. Lawal ya saki totur. Mudi ya ƙirga a ransa. Bai kai huɗu ba allura ta miƙe ta koma inda take.

Suka tsaya a gefen hanya. Lawal ya so su sake don shi ma ya gani, Mudi ya ce sau ɗaya kawai, don duk faɗuwar allurar nan ƙarfe ne ke cin ƙarfe a ciki. Suka sake, ta faɗi, Lawal ya gani ta gefen ido. Suka juyo a hankali kamar masu rakiyar mara lafiya.

Da suka iso, duk idanu suka koma kan Mudi. Ya tara tsohon kwano ya juye man tun yana da zafi. Ya kwance salansa huɗu ya jera a gefe. Ya shimfiɗa buhu, ya kwanta rigingine a ƙasan inji, ya shiga kwance notunan kaskon da mai ke taruwa a ciki. Biyu daga ciki suka ƙi, sai da ya jiƙa su da kananzir ya tafi sallar azahar ya dawo. Wajen la'asar kaskon ya saki. Ya sa hannu ya zaro rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta, wadda faɗinta bai fi gindin kofi ba.

Ba a ganin ramukanta. Wani jan abu mai danƙo, zare-zare kamar tanar damina, ya lulluɓe ta, haɗe da zaren tsumma. Mudi ya sa tsinke ya riƙa ɗaye su ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a kan kwali a gaban rumfa.

Ba wanda ya tambayi mene ne. Gam ne da ake shafa wa murfin inji a madadin fakin, takardar nan mai kauri da ke hana mai yoyo, don a shekarun fakin ya yi wuya a kasuwa. Wanda aka shafa ya yi yawa, ya matso ciki, zafi ya ɓalle shi, mai ya kwashe shi zuwa rariya. A duk layin kuwa mutum ɗaya ke aiki da jan gam, sauran baƙi suke saye, kuma da yawansu sun ga ranar da ya buɗe murfin kulocin babur ɗin wata biyar da suka wuce. Bala ya matso ya tsaya a kan kwalin, ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya ya koma rumfarsa. Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya.

Mudi ya wanke rariya da kasko da kananzir har ana hango rana ta cikin ramukan. Ya ɗauko ragowar takardar fakin famfo, ya ɗora a bakin kaskon, ya bi gefe da 'yar guduma yana bubbugawa har ta yanke daidai. Kafin ya zubar da tsohon man, ya karkata kwanon ga rana ya kira Lawal. A ƙasan akwai wani ƙyalli kamar garin kuza. Ya gaya masa gaskiya: injin ya riga ya ci kansa kaɗan, ba gobe zai mutu ba, amma kwanansa ya ragu, kuma da ya sake ratsa Falgore sau ɗaya a yadda yake, da a mota za a ɗauko shi.

Da safiyar Juma'a suka koma hanyar Tiga. Suka wuce inda ake hango ruwa, suka kai har bakin garin, allura ba ta sauka ba. Mudi ya cire agogonsa, ya mayar da suwic, ya haɗa wayar fitila da hannunsa ya matse. Ranar Asabar Lawal ya isa rugar bayan Doguwa tun hantsi, ƙanƙara na ƙara a cikin kula.

Ranar Lahadi bayan la'asar mai unguwa ya aiko a kira Mudi. Ya tarar da Bala da manyan layin su uku zaune a zaure. Ƙarar biyu ce: ya karya sharaɗi, kuma ya tozarta shugabansu da ya baje abin da ya ciro a kan kwali kamar mai talla. Mai unguwa dattijo ne, abokin mahaifin Mudi, kuma sulhu yake so. Ya ce abin bai kai a raba zumunci ba. Shawararsa ita ce Mudi ya ba Ciyaman haƙuri a gaban waɗanda aka yi abin a gabansu, ya sabunta alkawari, ya ci gaba da zama a rumfarsa.

Mudi ya gyara zama ya ce, "Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Alkawari na yi, na kuma karya, ban musa ba. Maganar gam kuwa ban ga laifin Ciyaman ba; da ni ne ban sami fakin ba, abin da zan shafa ke nan. Amma a ce in ba da haƙuri don na ƙi a toshe bakin fitilar da ke faɗin gaskiya, wannan ba zan iya ba. Kuma ba zan sake yin alkawarin da na san in aka kawo irin wannan gobe, karya shi zan yi ba."

"Mudi, ka tuna kana da iyali," in ji mai unguwa.

"Da saninsu na fito, Baba."

Bala ya yi magana mai tsawo, kuma ba duka ce ta son rai ba. Ya ce dokar ba don Mudi aka kafa ta ba. In aka kau da kai yau, gobe duk mai facin taya zai ɗauki sifana ya buɗe injin mutane, kuma in abu ya lalace sunan layin ne zai ɓaci. Mudi ya saurare shi har ƙarshe, ya ce wannan gaskiya ne, amma shi dai yana kan bakansa. Mai unguwa ya girgiza kai. Aka ba Mudi mako guda ya tashi.

Bai jira makon ba. Washegari da hantsi ya kwance rumfar da kansa, ya ɗaure langa-langa da dirkoki a kan amalanke, ya bi layin yana yi wa kowa sallama da sunansa, har da Bala, wanda ya amsa ba tare da ya ɗago daga kan tayar da yake ɗaurawa ba. Ƙanin Dije yana da gona a bakin hanyar Tiga, kusan mil guda daga gari, da wata tsohuwar ɗorawa a gefenta. A nan ya sauke kaya.

Abin da ya biyo baya ba daɗi zalla ba ne. Masu injin niƙa suka ce wurin ya yi nisa, wasu suka koma kai nasu Kwanar Ɗangora. Daminar ta yi masa tsawo. Akwai ranakun da tun safe har yamma ba abin da ke tsayawa a gabansa sai masu neman inuwa. Dije ta ƙara yawan ƙulin da take soyawa, ba ta taɓa ce masa ai na faɗa maka ba, shi ma bai taɓa ce mata ya yi nadama ba. Sai bayan kaka aiki ya fara shigowa, yawanci daga kudu, daga mutanen da Lawal ya ba labari a rugage da kasuwanni. Babur ɗin ya ƙara shekara uku da 'yan watanni yana ratsa Falgore kafin injinsa ya buga. Mudi da Bala kuwa suna gaisawa a wurin jana'iza da suna, ba su wuce nan ba.

Amma abin da mutanen Bebeji suka fi ba da labari shi ne allon. A makon farko Mudi ya samo fallen kwano, ya rubuta da fenti, ANA GYARAN FAMFO DA BABUR, ya kafa a bakin hanya. Kwana uku bayan haka ya zo da safe ya tarar an kankare kalmar ƙarshe da wani ƙarfe, har kwanon ya lotsa. Bai tambayi kowa ba, bai kuma kai ƙara ba. Ya juya ɗaya fuskar, ya fara da BABUR, kowane baƙi tsawon taƙi guda, ya sa FAMFO a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Ya ari tsani a wurin masu ginin da ke kusa, ya hau ɗorawar, ya kafa shi a reshe na biyu da ƙusa shida. Sannan ya sauko, ya mayar da tsanin, ya buɗe akwatin sifanoninsa ya zauna yana fuskantar hanya.